Yadda Aka Tsayar da Fiffiken Shamuwa a Cikin Hoto

An ce sunan Dutsin-Ma daga wani maharbi ya samo asali, mai suna Ma, wanda ya yi zamansa a kan dutsen nan tun kafin a kafa gari a gindinsa. Zancen baka ne na kaka da kakanni, ba a rubuta shekararsa ba. Amma duk wanda ya san ƙasar, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi da Barkiya har a dangana da bakin dajin Rugu, ya san labarin ya dace da ita, domin maharbi ne ya fara yi wa tsuntsu kallon tsanaki a wannan yanki. Shi ya san lokacin da fakara ke fitowa kiwo, da itacen da zabin daji ke kwana, da yadda shaho ke naɗe fuka-fukinsa ya sulmiyo ƙasa kamar an jefo dutse. Sai dai duk wannan sani a cikin kansa yake. In yana son ya nuna wa wani, sai ya harbo tsuntsun ya kawo gida, abin da ya kawo kuwa nama ne da gashi. Tashin, wanda shi ne abin mamakin, a daji ya baro shi.

Manomi ma yana da nasa kallon. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, sai a wayi gari a ga shamuwa ta sauka kan kuka ko tsamiyar tsakar gari tana jidar ƙirare. Mutanenmu na cewa ita ke zuwa da ruwa, shi ya sa ba a jifanta, ba a taɓa sheƙarta. Abin da bincike ya tabbatar shi ne ruwan take bi, don shi ke fito da fara da tsutsar da take ciyar da 'ya'yanta. Da kaka ta yi sai a neme ta a rasa. Ina take zuwa, kuma yaya take riƙe jikinta a sama duk tsawon tafiyar? Ido kaɗai ya kasa amsa wannan, a nan da Turai duka.

Tushen kyamara ya girmi hoto da ɗaruruwan shekaru. Tsakanin 1011 da 1021, a birnin Alƙahira, Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir, inda ya bayyana yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda in ya shigo ɗaki mai duhu ta wata 'yar huda yakan zana abin da ke waje a jikin bango, ƙafa sama kai ƙasa. Duk yaron da ya taɓa kwanciya da rana a ɗakin ƙasa mai hujajjen ƙyaure ya ga wannan: surar masu wucewa na yawo a bango a kife. Kalmar kyamara kanta ɗaki take nufi a harshen Latin. Ana ba da labari cewa ya yi aikin ne yana tsare a gida, bayan ya yi haukan ƙarya don ya tsira daga fushin halifa Alhakim. Marubutan da suka zo bayansa ne suka kawo wannan, shi kuwa littafin yana nan ana karanta shi. Abin da ya rage shi ne hanyar da za a sa surar bangon ta zauna, sai da aka yi wajen shekara 800 ana jiranta.

Kafin nan wata tsuntsuwa ta kai wa Turawa saƙo daga Afirka. A 1822, kusa da ƙauyen Klütz a arewacin Jamus, aka harbo farar shamuwa ta Turai, 'yar'uwar tamu, da wani siririn mashi mai tsawon kusan santimita 80 soke a wuyanta, ƙirar mutanen Afirka. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Har a wancan lokaci akwai masu cewa wasu tsuntsaye cikin laka suke shigewa su yi barci duk tsawon sanyi, sai mashin nan ya nuna ƙaura suke yi. An busar da fatarta an cika, tana nan a Jami'ar Rostock da mashinta a wuya. Shekara guda bayan haka, a 1823, wani masani a Berlin mai suna Lichtenstein ya ba tamu shamuwar sunan kimiyya, ya laƙaba mata sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan. A duka biyun gawa aka duba. Masanin Turai na wancan zamani bai wuce maharbinmu da komai ba a wannan fanni, shi ma sai ya kashe yake iya nunawa.

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda har yau yake nan, wani Bafaranshe ne, Nicéphore Niépce, ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen 1826 ko 1827, kuma sai da farantin ya sha haske aƙalla awa takwas. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi na Paris da ke cike da kekunan doki da jama'a. Da hoton ya fito sai ga titi fayau, in ban da wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Duk abin da ya motsa ya narke. A nan mai karatu zai ga gindin matsalar: kyamara ido take buɗewa ta rufe, motsin da aka yi tana buɗe kuwa shafewa yake. Wadda ke buƙatar mintuna ba ta iya kama tafiyar hawainiya, balle tsattsewa. Shi ya sa tsuntsayen da ke cikin hotunan farko galibi matattu ne da aka cika wa ciki aka ɗora a reshe. Sai a 1871 wani likita ɗan Ingila, Richard Maddox, ya fito da busasshen farantin gilashi, wasu suka yi ta gyara shi har ya zama yana kama haske cikin ƙiftawar ido, kuma ana iya ɗaukarsa a jaka a shiga daji.

Doki ne ya buɗe wa tsuntsu hanya, abin da ba zai ba Bakatsine mamaki ba. A Kalifoniya ta Amurka, wani attajiri mai kiwon dawaki, Leland Stanford, ya so ya san ko doki a sukuwa yakan ɗauke kofatonsa huɗu daga ƙasa lokaci guda. Ana yawan cewa caca ya yi ta dala 25,000 a kan haka, amma masu binciken tarihi ba su samu shaidar cacar ba. Abin da ke rubuce shi ne, a watan Yunin 1878, a gonarsa ta Palo Alto, mai hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamara 12, ya gitta zare a hanyar dokin, duk zaren da doki ya tsinka sai kyamara ɗaya ta ƙifta. Hotunan suka nuna lallai akwai lokacin da doki ke sama ɗungurungum, ƙafafunsa a tattare ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna miƙe su gaba da baya.

Wani likita a Paris, Étienne-Jules Marey, wanda ya yi shekaru yana nazarin motsin fiffike, ya ga hotunan nan, ya rubuta yana roƙon a yi wa tsuntsu irin haka. Abin bai yi kyau ba, don tsuntsu ba ya bin hanyar da aka shata masa, ba a kuma gitta masa zare a sararin sama. Sai Marey ya ƙera bindiga a 1882. Bindiga sosai, da gindi da kunama da dogon baki, amma gilashi ne a cikin bakin, a gurbin harsashi kuma wani faifai ne mai juyawa. In ya saita tsuntsu ya ja kunama, faifan zai ɗauki hoto 12 a sakan guda, kowanne cikin kashi ɗaya bisa 720 na sakan. A bakin tekun Naples ta Italiya ya yi ta gwada ta kan tsuntsayen ruwa. An ce maƙwabta sun ɗauke shi taɓaɓɓe, tunda kullum yana auna tsuntsu, ba ƙara, ba abin da ke faɗowa. Hotunan ƙanana ne ƙwarai, amma a cikinsu aka fara ganin abin da ido bai taɓa rarrabewa ba: fiffike in zai sauko a shimfiɗe yake saukowa, ƙasa da ɗan gaba, yana tura iska, in zai koma sama sai ya ɗan naɗe don kada iskar ta tare shi. A 1890 ya fitar da littafi guda a kan tashin tsuntsaye.

A ganina wannan bindiga ita ce mararrabar tarihin nan duka. Tsayuwar maharbi ce, riƙon numfashinsa ne, bin tsuntsu da bakin bindiga har a zo daidai shi ma nasa ne. Abin da ya sauya guda ne: tsuntsun ya ci gaba da tafiyarsa, mutumin kuma ya koma gida da tashin a hannu. Har yau haka masu wannan sana'a ke bin tsuntsu da kyamara, ƙugu na juyawa, hannu bai tsaya ba ko bayan an danna.

Hoton da ya fara fitowa tas, har ana ƙirga gashin fiffike, na shamuwa ne. A 1884 Ottomar Anschütz, mutumin garin Lissa, wanda a lokacin ke hannun Jamusawa, yanzu kuma yake cikin Poland, ya ɗauki fararen shamuwoyi a sheƙarsu, suna sauka suna tashi. Ya ƙera wani marfi da ke gilmawa dab da farantin, mai iya buɗewa da rufewa cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na sakan. Zaɓen shamuwa da ya yi hikima ce: babba ce, fiffikenta ba ya rawa da sauri, a kan gidajen mutane take sheƙa, kuma dole ta dawo wuri ɗaya sau da yawa a yini. Hotunan suka kai ga wani injiniya, Otto Lilienthal, wanda tun yana yaro yake kallon shamuwa. A 1889 ya wallafa littafi kan cewa tashin tsuntsu ne ginshiƙin koyon tashi, daga 1891 ya fara ɗaura wa kansa fuka-fukin itace da ƙyalle yana sulmiyowa daga tudu, ya yi haka wajen sau 2,000, har ya faɗo ya rasu a watan Agustan 1896. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright, da suka tayar da jirgi mai inji a Disamban 1903, sun faɗa da bakinsu cewa aikinsa ne ya zaburar da su. A Nuwamban 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano. Duk alhajin da ya tashi daga filin jirgin Katsina, akwai ɗan bashin shamuwa a kansa.

Saurin marfi bai wadatar ba in tsuntsu bai bari an kusance shi ba. Wannan ɓangaren wasu 'yan'uwa biyu ne 'yan ƙauye daga arewacin Ingila, Richard da Cherry Kearton, suka shahara da shi. A 1892 suka ɗauki sheƙar wani tsuntsu da ƙwai a ciki, a 1895 suka fitar da littafin sheƙunan tsuntsayen ƙasarsu wanda duk hotunansa na kyamara ne. Wajen 1900 suka sa aka feɗe sa, aka ɗora fatar kan ƙirar itace, mutum ya shiga ciki a duƙe, kyamara na leƙowa ta wata huda a ƙirji. Ana ba da labarin ranar da jiri ya ɗebi Richard a ciki, san ya kife da shi ƙafafu sama, sai da ɗan'uwansa ya zo ya fito da shi. Turawa sun yi ta mamakin dabarar. Maharban ƙasar Hausa kuwa sun daɗe da burtu: a sassaƙa wuya da kan tsuntsun, a rufe da fata, a ɗaura a goshi, a lulluɓa da baƙin zane, a duƙa ana tafiya ana saran ƙasa kamar mai kiwo, har a shiga tsakiyar dabbobi ba su ankara ba. Ilimi ɗaya ne, kuma namu ya fi wahalar koyo, domin mai burtu sai ya iya tafiyar tsuntsun kanta.

Da Turawa suka ci ƙasar nan, da bindiga suka fara zuwa wa tsuntsayenmu. Boyd Alexander ya ratsa daga Kwara zuwa tafkin Chadi har kogin Nilu tsakanin 1904 da 1907 yana tara fatun tsuntsaye. An kashe shi a 1910 a ƙasar Chadi ta yau, aka binne shi a Maifoni, gefen Maiduguri, kusa da ƙaninsa. A ƙarshen 1919 Angus Buchanan ya sauka Kano, ya kafa sansani a Fanisau, daga nan ya bi ta Damagaram da Damargu har duwatsun Azbin, yana harbo tsuntsaye don gidan adana halittu na Lord Rothschild a Ingila. Da ya dawo a 1922 ya zo da mai ɗaukar fim, T. A. Glover, suka tashi daga Kano kan raƙuma suka ƙetare Sahara har Aljeriya a 1923, aka nuna fim ɗin a 1924. Waɗannan tafiye-tafiye ba su yiwu ba sai da 'yan ƙasa, masu jan raƙumi da masu feɗe tsuntsu da maharban da suka san inda kowane iri yake, kuma mafi yawansu ba a rubuta ko sunansu ba. Babban kundin tsuntsayen Afirka ta Yamma na David Bannerman, mai juzu'i takwas, ya fito tsakanin 1930 da 1951, galibin surorin tsuntsayen da ke ciki zanen hannu ne.

A waɗannan shekarun, can Amurka, Harold Edgerton ya bi wata hanya dabam. Maimakon marfi ya yi sauri, sai haske ya yi. Ya ƙera fitilar walƙiya da ke haskawa ta mutu cikin kashi ɗaya bisa 100,000 na sakan, a 1936 ya tsayar da fiffiken ɗan mitsitsin tsuntsun nan na ƙasarsu mai shan ruwan fure, wanda ke kaɗa fiffike fiye da sau 50 a sakan. A Ingila, Eric Hosking ya kai fitila ga tsuntsayen dare. A 1937 wata mujiya mai tsaron 'ya'yanta ta kai masa sura ta fasa masa idon hagu, yana da shekara 27. Da ya warke ya koma kan aikinsa, ya yi fiye da shekara hamsin yana yi da ido ɗaya.

Bayan mulkin kai, a 1964, aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya. John Elgood na Jami'ar Ibadan da Robert Sharland da ke zaune a Kano ne suka assasa ta, Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya riƙe mujallarta. A gefen Zariya Fry ya yi shekaru yana bin tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke haƙa rami a gaɓar rafi, yana cafke ƙudan zuma a iska. A 1979 mujallar ta koma ta Afirka ta Yamma baki ɗaya da sunan Malimbus. A 1987 aka fara shirin kare fadamun Haɗejia da Nguru, masaukin dubban tsuntsayen Turai da ke zuwa mana lokacin sanyi. Kafin nan, a 1983, an gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa. Don noman rani da ruwan sha aka yi ta, amma ruwan da ba ya ƙafewa ya zama mashayar zalɓe da balbela da kirinjijiya, a ƙasar da rafukanta kan zama yashi da rani.

Daga nan kayan aiki suka yi ta gudu. A 1975 injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko marar fim, wadda ke cin sakan 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya. A 1985 Minolta ta fitar da kyamara mai saita kanta, a 1999 Nikon ta kawo D1. Mai fim yana da hoto 36 a naɗi guda, kowane dannawa kuɗi ne, ba ya kuma ganin abin da ya kamo sai an wanke. Na yau zai ɗauki dubu ya zaɓi ɗaya. Zuwa 2020 da 2021 Canon da Sony sun fitar da kyamarorin da ke gane idon tsuntsu su bi shi yana tashi, ta Sony tana ɗaukar hoto 30 a sakan. Ita shamuwa ma an warware sirrin tafiyarta: masana daga Denmark sun ɗaura wa wasu na'urar tauraron ɗan'adam a kudancin Nijar, rahotonsu na 2006 ya nuna sun bi su har Tanzaniya.

Mu fa? Wayar salula ta shigo a 2001, shekarar da aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum kusa da Jos. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma. A ƙarshen 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wadda ke da iri fiye da 900: an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita tara a tsaye da kwance, duk mai waya zai iya rubuta abin da ya gani a gidan da garinsu ya faɗa, hoto kuma shi ne shaidarsa in ya ga baƙon tsuntsu. A 2015 ɗin dai ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun da muka sani cikin masu dab da ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu. Duk wanda ya haura arba'in ya tuna yadda take cika mahauta da rufin rumfunan kasuwa. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, tun a 1992 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Kano kan yadda take ɓacewa. Wannan shi ke ci mini rai. Ka buɗe akwatin hotunan kowane gida, za ka tarar da na biki da suna da hawan Sallah, da wuya ka ga ungulu ko guda, alhali ta rayu tare da mu har kyamara ta zo hannun kowa. Jikokinmu za su ji sunanta a karin magana, in suna son ganinta sai su nemi hoton da baƙo ya ɗauka.

Na san uzurin da za a kawo, kuma gaskiya ne. Babbar kyamara da dogon gilashinta na iya cin kuɗin mota. Daji kuma ya gagari shiga: a Satumban 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, da Dutsin-Ma da Kurfi a ciki, saboda 'yan bindiga. Ba zan ce wa ɗan kowa ya rataya abu mai dogon baki ya nufi Rugu ba. Amma Anschütz ma bai shiga daji ba, a bakin sheƙa ya jira. Shamuwa har tsakar gari take kawo kanta, kuma wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi bindigar Marey nesa ba kusa ba. Da hantsi ake fita, lokacin da haske ya wadata, don da shi waya ke samun damar ƙiftawa da sauri. A ba rana baya. A lura da inda iska ke kaɗowa, domin tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. A tsaya nesa kaɗan, kada a hau itacen, kada a kore ta don a ga tashinta, a saita sheƙar a jira ta dawo da abinci, sannan a danna a riƙe. Wanda ke da tsohon maharbi a unguwarsu ya je ya gaishe shi ya zauna kusa da shi, zai faɗa masa abin da tsuntsu ke yi da jikinsa dab da zai tashi.

Ina roƙon matasan Barkiya da Kurfi da Dutsin-Ma, da malaman makarantun da ke da kuka ko tsamiya a farfajiyarsu: bana in shamuwa ta sauka, a ɗauke ta, a rubuta ranar da sunan unguwar da yawan sheƙun da ke kan itacen, a adana. Baɗi ma a sake.